Kek ɗin jar motar tsere: yadda wata uwa ta haɗa shi cikin makonni uku

Asalin lamarin

Matar da wannan bayani ya shafa tana da 'ya'ya biyu, babban namiji ne, yana shirin cika shekara biyar. Ta iya gasa kek mai daɗi, amma ba ta taɓa yi masa adon da ya wuce shafa kirim da bayan cokali ba. Saura makonni uku ranar haihuwar yaron ya faɗi abin da yake so, bai kuma bar ƙofar ciniki ba: kek na Lightning McQueen, jar motar tseren nan ta fim ɗin katun Cars wanda kamfanin Pixar ya fitar a 2006.

Yara wajen ashirin aka gayyata. An sa bikin ƙarfe huɗu na yamma a lokacin zafi, ɗakin da za a ajiye kek kuma yakan kai digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyos. Kayan aikinta su ne oben, firij mai firiza a sama, injin buga ƙwai na hannu, gwangwanin gashi mai kusurwa huɗu (santimita 23 da 33), ledojin matsa kirim da bakunansu guda uku. Tana zuwa aiki da rana, don haka dare da ƙarshen mako kaɗai take da su. Tana da yaya mace wadda ta daɗe tana yi wa mutane kek, sai dai ba gari ɗaya suke ba, ta waya kawai za ta iya taimakawa.

Kwana 21 kafin biki: sassaƙa mota

Ta fara da abin da ta fi gani a bidiyoyin intanet, wato a sassaƙa kek ya zama mota sosai, a lulluɓe shi da fondan, wannan cuɗaɗɗen sukarin da ake murzawa kamar ƙullu. Ta gasa kek ɗinta na kullum mai taushi a digiri 175 na minti 35, ta bar shi ya huce na awa ɗaya, ta yanka shi biyu ta ɗora ɗaya kan ɗaya, ta hau fere gaba da rufin mota da wuƙa.

Tun a nan aka fara samun matsala. Kek mai taushi ba ya jure wuƙa, ballantana wanda bai gama sanyi ba. Duk inda ta yanka sai ya ruɓushe, hancin motar ya ɓantare sau biyu tana liƙe shi da kirim. Ba ta yi shafen farko ba, wato siririn kirim ɗin da ake shafawa a sa a firij ya kama ɓurɓushi kafin a yi shafe na biyu, saboda haka ɓurɓushin ya bi kirim ya cika ko'ina. Da ta zo fondan, ta murza shi ya yi siriri ƙwarai, bai kai milimita biyu ba, alhali uku zuwa huɗu ake so. Ya yage a kusurwoyi, inda bai yage ba kuma duk wani tudu da kwarin da ke ƙarƙashinsa ya fito fili. Tayoyin da ta mulmula da baƙin fondan ba ta sa musu garin tailos mai busar da shi ba, kafin ta gama liƙa na huɗu na farko ya lotsa.

Ta sa shi a firij ya kwana. Da safe da ta fito da shi, cikin minti goma jikinsa ya jiƙe sharkaf. Sanyin kek ya haɗu da iska mai ɗumi, raɓa ta sauka a kansa, sukari kuwa jan ruwa yake yi. Baƙin taya ya gangara kan ja.

Yaron ya zo ya duba, ya zagaya teburin, ya ce, "Mama, motar wa ce wannan?"

Ta ce, "Taka mana. Ba ka gane shi ba?"

Ya ce, "Ba shi ba ne. Wannan a tsorace yake."

Ta rubuta maganar a takardar da take lissafin gwaji, ba tare da ta fahimci abin da yake nufi ba a lokacin. Aikin ya ci mata awa shida.

Kwana 19 zuwa 15: neman jan launi

Ko da wace hanya za ta bi, dole ta samu ja irin na motar, don haka ta ware kwana biyar a kan launi kaɗai. Ta haɗa botakirim na yau da kullum: bota giram 250, aisin suga giram 500, madara cokali biyu. Ta raba shi ƙananan kwanoni.

Kwano na farko ta zuba masa kalar abinci ta ruwa, irin ta ƙaramar kwalba. Ɗigo goma, ruwan hoda. Ɗigo talatin, ruwan hoda mai duhu. Da ta kai cokalin shayi biyu kirim ɗin ya tsinke, ba ya tsayawa a cokali, kuma har yanzu bai zama ja ba. Dalilin a fili yake. Botakirim fari ne saboda sukari da iskar da aka buga a cikinsa, ja kuwa in ya haɗu da fari hoda yake bayarwa. Kalar ruwa galibinta ruwa ce, kafin ta rinjayi farin ta riga ta lalata kaurin.

Kwano na biyu ta yi amfani da kalar jel, wadda ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan karon ja ya fito, amma sai da ta zuba da yawa, kuma da ta ɗanɗana akwai ɗaci a ƙarshen harshe. Ƙaramar 'yarta ta lasa ta tofar. Akwai kuma wani dalilin da ya sa ba ta son cika kala. Da ta duba jikin kwalbar ta ga jan da ke ciki shi ne E129, ɗaya daga cikin launuka shida da Tarayyar Turai ta wajabta tun 2010 a rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da su, cewa suna iya shafar nutsuwa da maida hankalin yara. Ba haramta shi aka yi ba, amma kek da yara ashirin za su ci, ta ga gara a rage.

A nan ta kira yayarta.

"Yaya, jan nan ya ƙi. In na zuba kaɗan hoda, in na zuba da yawa ɗaci."

"Yaushe kika haɗa shi?"

"Yanzu-yanzu."

"To ai shi ya sa. Ja ba ya nuna a ranar. Ki tsaya tun yana ja-ja, ki rufe shi ruf, ki duba gobe. Kuma kada ki fara daga fari."

Ta yi kwano na uku yadda aka gaya mata. Ta fara zuba rabin cokalin shayi na garin cakulan a kofi ɗaya na kirim, ya yi ruwan ƙasa mai haske, sannan ta sa jel rabin abin da ta sa a kwano na biyu. A daren launin bai burge ba, ya fi kama da jan bulo. Bayan awa 24 a rufe ya koma ja sosai. Kalar tana ci gaba da narkewa cikin danshin kirim tana bazuwa, shi ya sa take ƙara duhu da kanta. Ɗacin ma ya ragu har ba a jinsa.

Baƙi bai ba ta wahala ba da ta gane wannan. Ta haɗa kirim mai garin cakulan da yawa har ya yi duhu, ta ƙara baƙin jel kaɗan, ta bari ya kwana. Wanda ya fara daga fari toka-toka zai samu, ko kuma ya cika kala har ta rine haƙoran yara.

Gwaji na ƙarshe a wannan makon na zafi ne. Ta ɗora cokali ɗaya na kirim a faranti ta ajiye a ɗakin bikin da ƙarfe huɗu. Cikin minti 40 ya fara ƙyalli yana bajewa, domin bota tana narkewa ne a tsakanin digiri 32 da 35, ɗakin kuwa yana bakin nan. Ta maye rabin botar da farin kitsen gashi na man tsirrai, wanda sai zafi ya haura digiri 40 yake narkewa. Sabon haɗin ya yi awa biyu a tsaye. Ɗanɗanonsa bai kai na bota zalla ba, mijinta ya faɗa, ita ma ta yarda.

Kwana 14: hoton da ake ci

Ta gwada hanyar sauƙi. Ta sa aka buga mata hoton motar a kan takardar sukari da tawadar da ake ci. Ta ɗora shi a kan ƙaramin kek da ta shafe da bugaggen kirim na madara. Cikin awa uku takardar ta sha ruwa ta kumbura, launuka suka shiga juna. Irin wannan takarda a kan botakirim mai tauri take zama, ba kan kirim mai ruwa ba, kuma da ta sake gwadawa za ta iya gyarawa. Ta ajiye hanyar ne saboda jan da injin ya buga ya karkata zuwa ruwan lemo, sannan ita da kanta tana son a ce hannunta ne ya yi.

Kwana 12: canza hanya

Ta tura wa yayarta hoton motar da ta sassaƙa, ta haɗa da maganar yaron cewa a tsorace yake. Yayar ta ce ta buɗe hoton fim ɗin ta ajiye kusa da nata, ta dubi ido kawai.

Idanun wannan mota ba a fitilu suke ba, a gilashin gaba suke, fitilun ma a fim ɗin farko sitika ce kawai. Gilashin fari ne, ƙwayar idon shuɗiya, kuma daga sama akwai jan fatar ido da take saukowa ta rufe wani ɓangare na ƙwayar. Wannan saukowar ita ce take ba shi kamannin mai ji da kansa. A kek ɗinta ta yi farin gilashi a buɗe gaba ɗaya, ta ɗora ƙwayoyi biyu zagaye a tsakiya, fari ya kewaye su ta ko'ina. Duk fuskar da aka zana haka, ta mutum ce ko ta mota, firgita take nunawa. Yaron bai yi maganar tayoyin da suka lotsa ba, bai ga yagewar fondan ba. Ido ya duba.

Yayar ta ba ta shawarar ta bar sassaƙa, ta yi kek shimfiɗaɗɗe, ta zana fuskar da hanyar daskarar da botakirim. Ana ɗora takardar gashi mai nuna abin da ke ƙarƙashinta a kan hoto, a bi layukan da kirim, a cike, a sa a firiza ya ƙanƙare, sannan a kife shi a kan kek a ɓare takardar. Ba a buƙatar iya zane, bin layi ne.

"Yaya, ba zai ce ba mota ba ce? Shi fa mota ya ce."

"Ki tambaye shi mana. Ki nuna masa hoton ki ce ga abin da zai hau kan kek."

Ta nuna masa hoto mai gaban motar da ɗan gefenta. Ya ce in dai da 95 ɗin, wato lambar tseren da ke jikin motar, ya yarda.

Kwana 10: gwajin farko na daskarewa

Ta buga hoton da faɗin santimita 20, ta manna shi a kan faranti mai lebur da salatif, ta ɗora takardar gashi ta manne ta ita ma. Ta bi layuka da baƙin kirim ta ƙaramin baki mai zagaye, nan take ta cike da ja, fari, shuɗi da rawaya, ta sa a firiza na awa biyu.

Da ta kife shi ta ɓare takardar, fuskar ta fito, kuma ta yi kama. Amma abubuwa uku sun lalace. Lambar ta juya baya, haka ma zanen walƙiyar da ke gefen mota, domin fuskar da ke manne da takarda ita ce take komawa sama bayan an kife, komai sai ya fito a juye kamar a madubi. Na biyu, akwai ƙananan ramuka a cikin jan, wuraren da iska ta maƙale tsakanin layukan kirim. Na uku, da ya fara narkewa a kan tebur, baƙin layi ya tsiyaya cikin farin ido, ido ya yi dishi-dishi.

Ta gyara su ɗaya bayan ɗaya a gwaji na biyu bayan kwana biyu. Ta juya hoton a kwamfuta kafin ta buga shi. Bayan ta zana baƙin layi ta sa farantin a firiza na minti 15 ya kama, sannan ta cike. Ta bi launuka daga abin da ke gaba zuwa abin da ke baya: ɗigon farin da ke cikin ƙwayar ido shi ne farko, sai baƙin tsakiya, sai shuɗi, sai farin gilashi, ja ya zo ƙarshe, da minti goma na firiza tsakanin kowane launi mai duhu da mai haske. Tana cikewa tana karkaɗa bakin ledar a cikin kirim don ya shiga lungu, lokaci-lokaci ta ɗaga takardar a hankali ta leƙa ƙasa. Da ta gama ta shafe bayan duka da farin kirim mai kaurin rabin santimita, ta danna da wuƙar shafe. Wannan bayan shi ne yake riƙe zanen kada ya karye wajen kifewa. Batun narkewa kuma, maimakon ta bar shi a tebur, ta sa kek ɗin cikin kwali a rufe a firij na awa uku, ya sauko daga ƙanƙara a hankali. Layin bai tsiyaya ba.

Kwana 6: garin ƙyalli

Ta sayo ƙaramar kwalbar gari mai ƙyallin zinariya don ta goga wa walƙiyar. A jikin kwalbar an rubuta cewa ba ya da guba, amma babu jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, kuma ba a ce ana ci ba. Yayarta ta ce ta ajiye shi gefe. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irin wannan: wanda ake ci dole a ga jerin sinadaransa a jiki, wanda aka rubuta wa "don ado kawai" ko "ba guba" ba na ci ba ne. A 2021 cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta wallafa rahoton abin da ya faru a jihohin Rhode Island da Missouri tsakanin 2018 da 2019. A na farko yara shida suka kwanta rashin lafiya bayan cin kek ɗin bikin haihuwa da aka shafe da gari mai tagulla, a na biyu an samu dalma a jinin yaro ɗan shekara ɗaya, aka gano ta a garin da aka yi wa furannin kek ɗinsa ado da shi. Ta bar walƙiyar a rawayan kirim. Tutocin tsere biyu da ta yi niyyar kafawa da tsinken sakace ta kafa su da busasshiyar taliya, saboda akwai 'yan shekara biyu da uku cikin baƙin.

Kwana 3 zuwa jajibirin biki

Saura kwana uku ta haɗa kirim, ta rina ja da baƙi da shuɗi da rawaya, ta rufe su. Saura kwana biyu ta yi zanen, awa ɗaya da minti 40 har da jiran firiza. Ta yi guda biyu, ko ɗaya zai karye, ta naɗe su da leda suka kwana a firiza. A jajibiri ta gasa kek ɗin a gwangwanin 23 da 33, ta bar shi ya huce sarai na awa uku, ta yi shafen farko, minti 30 a firij, ta yi na biyu da farin kirim. Ta bi gefuna huɗu da murabba'ai baƙi da fari irin na tutar ƙarshen tsere, da baki mai tauraro.

Ranar biki

Ƙarfe goma na safe ta fito da zanen, ta kife shi a tsakiyar kek, ta danna a hankali da tafin hannu, ta ɓare takardar cikin daƙiƙa kaɗan kafin ɗumin hannu ya taɓa shi. Ƙarshen walƙiyar ya ɗan tsage, ta cike da ragowar rawaya. Ta zagaye bakin zanen da baƙin kirim don ta ɓoye inda ya haɗu da kek, ta rubuta sunan yaron da lamba 5 a ƙasa, ta mayar cikin kwali a firij. Ƙarfe uku da kwata ta fito da kwalin, ba ta buɗe shi ba sai bayan minti 30, domin raɓar ta sauka a kan kwali ba kan kek ba.

Yaran sun kira sunan motar tun kafin a ajiye farantin. An yanka da ƙarfe biyar saura, yanka 24 masu santimita biyar-biyar. Zuwa lokacin kek ɗin ya yi kusan awa ɗaya a buɗe cikin digiri 31, kirim ya yi laushi amma bai baje ba. A taya ɗaya baƙi ya ɗan shiga ja. An yi 'yar rigima a kan wanda zai ci ido, mai biki ya ɗauki duka biyun. Leɓunan waɗanda suka ci wajen ja sun ɗan rine.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Sassaƙar farko ba ta gaza don hanyar ba ta da kyau ba. Ta haɗa ayyuka huɗu ne da kowannensu ke buƙatar hannun da ya saba, wato fere kek, daidaita shafe, shimfiɗa fondan da ƙera fuska, kuma dole a yi su a jere cikin yini ɗaya ko biyu, a ɗaki mai zafi. Kuskuren kowane mataki yana bayyana a na gaba. Da a ce kek mai nauyi ta gasa, ta sa shi a firiza kafin yanka, ta shafe shi da ganash, wato cakulan da aka narkar a cikin kirim na madara, a ƙarƙashin fondan, da jikin motar ya tsaya. Amma da fuskar tana nan a firgice, yaron kuma da ya sake cewa ba shi ba ne.

A ganina abin da ya juya lamarin shi ne ranar da aka ajiye hotuna biyu gefe da gefe aka dubi ido. Masu zana katun suna tara halin jarumi a wurare kaɗan, a nan fatar ido, baki, launi da lamba, yara kuma waɗannan suke haddacewa saboda sun kalle su sau ba adadi. Hanyar daskarewa ta ɗauko waɗannan wuraren kai tsaye daga hoto, ba ta bar su ga idon mai koyo ba. Ta kuma raba aikin gida uku, launi, zane da kek, kowanne da ranarsa, wanda ya lalace a sake shi ba tare da an taɓa sauran ba. Wannan ya fi komai amfani ga mai aikin dare kawai.

Akwai abin da aka rasa. Kek ɗin shimfiɗaɗɗe ne, ba ya ɗaukar ido daga nesa yadda mota tsayayya za ta ɗauka, kuma da yaron ya kafe a kan mota mai taya huɗu da wannan hanya ba ta fisshe ta ba. Kitsen da ya maye rabin bota ya rage daɗi, a ɗaki mai sanyi babu dalilin sa shi. Hanyar tana son hoto mai manyan layuka da launuka huɗu ko biyar. Jarumi mai gashi ko fuska mai inuwa-inuwa ba zai fito da kyau ba, a irin wannan takardar sukari a kan botakirim mai tauri ta fi. Tsiyayar da aka gani a taya kuwa, a wurin ne kaɗai ta cike ja ba ta jira minti goman firiza ba, saboda dare ya yi.